Ranar da Na Ce Surukina Ya Durƙusa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da na so in manta, domin akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna mini. Cikin rani ne, jim kaɗan bayan sallar la'asar, a zauren gidanmu da ke Wurno. Waɗanda aka gayyata su ne Bello da Nasiru da Umaru. Waɗanda suka halarta kuwa sun cika motar a-kori-kura, kuma a kujerar gaba surukina ne.

Bari in fara daga farko, kamar yadda aka koya mana a wurin aiki. Ni mai karanta labarai ne a wani gidan rediyo a Sakkwato. Ba ni da tsayi, ba ni da kwarjini, amma Allah ya ba ni murya. Irin muryar nan ce da in ta ce an yi ruwa a Rabah, mutumin Rabah da ke tsaye cikin rana zai ɗaga kai ya duba sama. Kowane ƙarshen mako nakan koma gida Wurno, inda ake yi mini dariya wai ina magana da Hausar rediyo, ina cewa "me" a inda kowa ke cewa "mi".

Surukina (ba zan faɗi sunansa ba, ba don dokar aiki ba, don surukina ne) manomi ne a Taloka ta ƙasar Goronyo. Yana noman shinkafa da albasa, yana da 'yan shanunsa, kuma yana da kunya irin ta dattawan Fulani. Tun da na auri 'yarsa Hadiza bai taɓa kallon idona ba, bai taɓa kiran sunana ba. In yana da magana da ni, sai ta biyo ta bakin Hadiza ko ta bakin ƙaninta Umaru. Amma na samu labari daga majiya mai tushe, wato Hadiza, cewa duk lokacin da muryata ta fito a rediyo yakan sa a yi shiru, ya ce wa abokan hirarsa, "Wanga yaro ba shi ƙarya." Wannan jimla ita ce mafi girman lambar yabo da na taɓa samu, kuma ita na ɗauka na sa a ƙarƙashin taya.

Yanzu sai wasan. Wasan labari muke ce masa. Bello, wanda malamin makaranta ne a Achida, shi ya koyo shi lokacin yana karatu. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, ya ƙirƙiro ƙasa da garuruwanta da dodanninta, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. Mai labari ya ce, ga ku a bakin kogi, ga kada ta buɗe baki, me za ku yi? Kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi, sannan ka jefa ƙwayar lido, ɗan dunƙulen nan mai ɗigo-ɗigo. In ta ba da lamba babba ka tsira, in ƙarama ce sai a yi wa iyalinka ta'aziyya. Ba kuɗi a ciki, ba komai, sai surutu da shayi. Ni ne mai riƙe da labari, saboda murya.

Ƙasarmu ta tatsuniya ce zalla. Akwai wani baƙin tafki da Sarauniyar Ruwa ke mulki a ƙarƙashinsa, akwai dodanni, akwai kurmin da bishiyoyinsa ke gulma. Bello maharbi ne mai layar zana. Nasiru, wanda a zahiri mai gyaran waya ne a Rabah, shi ne bokan tafiyar. Umaru kuwa ɗan tauri ya zaɓa, saboda a rayuwarsa ta gaske ko allura ya gani sai ya nemi hanyar fita.

Muna zaune lafiya sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ƙasar nan tana bukatar ci gaba. Na ce me zai hana jirgi ya sauko daga taurari? Me zai hana a samu mutanen ƙarfe masu tunani, da makamai masu harba haske? Bello ya aje kofin shayinsa kamar an yi masa rasuwa. Ya ce in akwai waya a ƙasar, mi za a yi da shahon da ke kai saƙo? In akwai jirgi, wa zai ƙara bi ta kurmi? Ya ce tatsuniya kamar fura ce, kowa ya san abin da ake damawa da shi, ba a zuba mata man fetur. Nasiru ya goyi bayana. Ya ce shi a shagonsa ya daɗe da sanin cewa babu bambanci tsakanin na'ura da aljani, domin duk wanda ya kawo masa waya cewa yake yi, "Haka kawai ta yi, ban taɓa ta ba."

Gwajin farko bai yi kyau ba, na yarda. Na bar su sun tsinci bindigar haske a cikin wani kogo. Akwai wani dodo da na daɗe ina ginawa, na ba shi tarihi, na ba shi uwa, har da dalilin da ya sa ya tsani mutane. Umaru ya harbe shi tun bai gama gabatar da kansa ba. Daga nan aka shiga gardamar da ta cinye yammacin: shin haske na kama ɗan tauri? Umaru ya ce ba ya kama shi, tunda makami ne. Bello ya ce tauri maganin ƙarfe ne, haske kuwa ba ƙarfe ba ne, in ba haka ba ai da 'yan tauri ba su jin zafin rana. Har aka kira magariba ba a yanke hukunci ba.

Na koma Sakkwato na yi nazari. Na gane kuskurena: na ba su abin da ke warware matsala kyauta. Na'ura a cikin tatsuniya dole ta zo da farashi, ta zama jarrabawa, ta sa mutum ya so abu ya kuma ji tsoronsa. Kuma ba makami ya kamata ta zama ba, abin da zuciya ke kwaɗayi ya kamata ta zama. To me zuciyar mutumin fadama ke kwaɗayi a cikin rani? Injin ban-ruwa da ba ya shan mai. Mutanen ƙarfe za su zo da shi, su ba kowa, amma da sharaɗin a bar su su zuƙe baƙin tafki su tafi da Sarauniyar Ruwa. Ga wadata, ga cin amana. Na tashi tsaye a ɗakina na yaba wa kaina.

Da na tsaya nan da ba a samu labari ba. Sai na ce gayyatar ma bari in yi ta da fasaha. Bayan na tashi aiki na ɗauki sautin muryata, da cikakkiyar muryar aiki, har da ɗan kiɗan da ke raba kanu da cikakken labari. Kuma na bi ƙa'idar da na fi kowa iya karantarwa: abu mafi muhimmanci a sama, bayani daga baya. Ga yadda ya fara:

"Ga kanun labarai. Za a fara raba wa manoman rani sabon injin ban-ruwa wanda ba ya shan fetur, ba ya kuma bukatar hasken rana. Za a yi rabon ranar Asabar bayan sallar la'asar, a zauren da ke kusa da tsohuwar rijiya a Wurno. Ana bukatar masu sha'awa su hallara da kansu."

Zauren namu ke nan. Sai bayan kiɗa jirgi ke saukowa. Na tura wa mutanen nan uku ta waya, Nasiru ya aiko da dariya, Bello ya ce ba laifi, wanda a wurinsa yabo ne.

A makon ne Hadiza ta ce rediyon Baba irin mai cin memori ne, in zuba masa karatu da wa'azi ya riƙa saurara a gona. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na kwashe duk abin da ke cikin ma'ajiyar sauti ta kwamfutata na juye a memori (duk, na ce, ku riƙe wannan kalmar), na ba direban da ke zuwa Goronyo. Abin da ban sani ba game da surukina shi ne, kanu kawai yake saurara. Yana gama jin su yake kashe rediyo don tanadin batir, ya ce saura duk tsawon magana ne. Ran Juma'a Hadiza ta ce Baba ya bugo, yana gaishe ni, ya ce Allah ya yi albarka. Na ji daɗi. Na ce ai yi wa kai ne.

Asabar ta zo. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na baza taswirar ƙasarmu da Bello ya zana a bayan kwali, na dasa 'yan duwatsu a matsayin jarumai. Na ce musu su jira, jakadan mutanen ƙarfe na tafe. Na shige cikin gida.

Ku bar ni in bayyana shigar, domin tarihi. Hular kwano ta babur, na naɗe ta da takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe gasasshen kifi, har gilashin gaba, na bar 'yar tsaga kamar ta asusu. Tocila biyu na ɗaure da roba a gefen kunnuwa. Murfin tukunyar Hadiza a ƙirji. Sai guntun tiyon ban-ruwa da na cusa ta ƙarƙashin hular zuwa bakina, domin in ka yi magana ta cikinsa murya na fitowa kamar daga rijiya. Na duba madubi ta tsagar nan na ga abin da ya fi ƙarfin Bello.

Ita hular kwano in ta rufe kunne ba ka jin komai sai numfashinka. Saboda haka ban ji tsayuwar mota ba. Ban ji sallama ba. Ban ji lokacin da abokaina suka miƙe zumbur suka ba dattawa tabarma, suka rakuɓe a jikin bango ba. Abin da na sani kawai, ina dosar ƙofar zaure Hadiza ta sha gabana tana ɗaga hannu, bakinta na motsi, ta kama mini riga. Na ɗauka murfin tukunyarta take so. Na kunna tocila, na ce mata ta cikin tiyo, "Kauce, 'yar ƙasa." Ta sake ni. Daga baya ta ce a lokacin ne ta yanke shawarar barin ni da Allah.

Na shiga zaure da tafiyar ƙarfe, ƙafa a sanƙare, hannu a miƙe. Ta tsagar na hango inuwar mutane a zaune, na ga kamar sun fi yadda na bar su yawa, amma na ce hasken tocila ne. Na ja numfashi na saki jawabin da na kwana biyu ina haddacewa.

"Ya ku mutanen ƙasa, masu gajeren kwana da gajeren tunani. Mun ratso taurari mun zo muku da injin da kakanninku ba su yi mafarkinsa ba. Wanda ke so, ya matso ya durƙusa. Kai na tsakiya mai farin gemu, da kai za a fara."

Nasiru nake nufi da mai farin gemun, domin bokansa tsoho ne a wasan. Na ma nuna da yatsa.

Shiru. Ba irin shirun da nake so ba. Na san shirun masu sauraro da labari ya kama, na kuma san shirun da ake yi a ɗakin watsa shiri in wani ya bar makirufo a buɗe. Wannan na biyun ne. Na karkata kai don tsagar ta daidaita, hasken tocila ya sauka a kan wasu takalma da aka jere a bakin ƙofa. Takalman roba na fadama, da laka a jikinsu. Babu mai irin su a cikin abokaina. Na ɗaga kai a hankali. Rawani. Farin gemu na gaske. Rediyo mai cin memori a kan cinya.

Jikina ya riga ƙwaƙwalwata yanke shawara, na zube ƙasa don gaisuwa. Murfin tukunya ya faɗi ya yi ta juyi a tsakar zaure, yana ƙara, yana ƙara, kamar ba zai taɓa kwanciya ba, kowa na kallonsa. Na kama hular in cire, robar tocila ta riƙe ta a haɓata. Dole a haka na gaida surukina, ta cikin tiyo, da muryar rijiya: "Baba, an zo lafiya? Ya hanya?"

Surukina bai dube ni ba. Ya juya ga ɗansa, wanda ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa.

"Umaru, wanga shi na mai rabon?"

Malam Garba, abokin Baba kuma maƙwabcinsa a gona, shi ya amsa. Ya ce ga alama shi ne, kuma in injin ya yi kama da mai rabonsa, shi dai ya fasa, a bar shi da fetur.

Nasiru ne ya zo da ɗan almakashinsa ya yanke robar. Da iska ta bugi fuskata na so a mayar da ni ciki. Zauren cike yake, wasu ma a waje suke suna leƙe. Baba ne ya bi su gona gona ya shaida musu. Wasu sun yi shakka, sun ce ina aka taɓa jin inji ba mai ba rana, ya kunna musu kanun, ya ce su saurari muryar da kyau, wannan yaron ba ya ƙarya. Suka bar ban-ruwan yamma, suka ɗauko mota wadda bayanta zai ɗauki injuna. Ashe ba mutuncina kaɗai na naɗe da takardar kifi ba, har da nasa.

Na fara bayani, Hausar rediyo ta gudu ta bar ni. Sai Baba ya miƙa wa Umaru rediyon ya ce a kunna abin daga farko, a bar shi ya kai ƙarshe. Aka kunna. Kanu suka wuce, mutane na gyaɗa kai, ga shi nan dai kamar yadda suka ji. Kiɗa ya wuce. Sai muryata, cikin natsuwa da ƙwarewa, ta ci gaba: "Rahotanni daga bakin tafki na cewa wani jirgi mai siffar masaki ya sauko daga taurari da hantsin yau. Wakilinmu ya ce mutanen ƙarfe sun fito daga cikinsa, idanunsu na ci kamar tocila. Da aka tuntuɓi Sarauniyar Ruwa, ta ƙi cewa komai."

A nan Malam Garba ya kwanta. Dariya ta tashi daga cikin zaure ta fita waje ta dawo. Wani ya ce a sake kunna wurin Sarauniya. Wani ya tambaya ko wakilin namu ya dawo lafiya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, kuma shi kaɗai nake kallo ta wutsiyar ido.

Da aka lafa, Baba ya nuna kwalin taswira da ƙwayar lido da sandarsa, ya tambayi Umaru ko caca muke yi. Bello ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, irin na malamin makaranta, ya rantse ba a sa ko sisi. (Ya kuma ƙara da cewa shi tun farko bai goyi bayan shigo da inji ba. Ban yafe masa wannan ba.) Baba ya ja gemu.

"Umaru, tambaye shi. Cikin wasan nasu, ƙaƙa aka samun injin?"

Na ce wa Umaru ya gaya wa Baba cewa sai an yi ciniki da mutanen ƙarfe, a jefa ƙwaya, in ta ba da biyar ko shida an samu.

"To, tunda munka zaka, ba mu komawa ba mu gwada ba. Miƙo."

Ya karɓa, ya jujjuya ta a tafin hannu, ya jefa. Ta gangara ta tsaya daidai gwiwata, a inda ni da Umaru kaɗai ke ganinta. Ɗigo ɗaya, tilo, yana kallona. Umaru ya matso ya raɗa mini, "Ce shida ta, kai dai ce shida ta, mu samu mu tsira." Na ɗaga kai, sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun ranar ɗaurin aure: surukina yana kallon idona. Bai tambayi Umaru ba.

Na gyara murya, ta aiki, wadda ta jawo duk wannan.

"Baba, ɗaya ce. Ciniki bai yiwu ba. Mutanen ƙarfe sun tashi da injinsu."

Ya ɗan jima yana kallona. Sannan gefen gemunsa ya motsa.

"To. Wanga labari na yarda da shi."

Ya miƙe, mutanensa suka miƙe. Hadiza ta aiko da fura, aka sha a tsaye, Malam Garba na ta roƙon a bar shi shi ma ya jefa ko Sarauniya za ta aure shi. A bakin ƙofa Baba ya tsaya ya nuna hular kwano da ke yashe a ƙasa, ya ce wa Umaru ya sa ta a mota, kada a ce sun zo Wurno sun koma hannu wofi.

Darasin da na koya, a matsayina na mai riƙe da labari, shi ne na'ura a cikin tatsuniya lallai tana zuwa da farashi, sai dai ban san ni zan biya ba. A matsayina na ɗan jarida kuwa, in labarinka na da jirgi mai siffar masaki, sa shi a jimlar farko.

Washegari na bi su Taloka na bi gona gona ina ba da haƙuri, kuma a kowace gona sai an sa na maimaita "ya ku mutanen ƙasa" kafin a yafe. Mutanen ƙarfe sun zauna a wasanmu, Bello ma yanzu yana da ɗaya da ke ɗaukar masa kwari da baka. Baba yana sauraron labarai har ƙarshe, har hasashen yanayi, kuma in ya ji wani abin mamaki sai Hadiza ta zo mini da saƙo, wai a tambaye ni wannan na rediyo ne ko na hular kwano. Hular tana can kan mutum-mutumin da ke gadin shinkafarsa, da tocilolinta, kuma an ce tsuntsu ba ya sauka a gonar.